Ana So a Sa Ɗana Mai Sikila a Gwajin Sabon Magani, In Sa Hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, daga Agege nake. Ɗana ɗan shekara 7 yana da sikila, bana kaɗai sau uku ana ba mu gado. A asibitin da muke zuwa likita ta ce ana binciken wani sabon magani, suna so su sa shi a ciki. Wai kwamfuta za ta raba yaran gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu a ba su maganin, wasu a ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, ba wanda zai san nasa. Awo kyauta ne, har da kuɗin mota. Surukata ta ce ba za a mai da jikanta zakaran gwajin dafi ba, wani malamin unguwarmu kuma ya ce caca ce da ran yaro. Takardar da Turanci take, ban gane ta sosai ba, babansa kuma ya tafi Arewa sayo shanu, ga shi an ce in mayar da ita ranar Litinin da sa hannu. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba yaro lafiya, ke kuma ya ba ki ladan kwanan zaune.

Neman magani halal ne, binciken da ake gane mai amfani daga mai cutarwa kuma farilla ce ta kifaya a kan al'umma. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ya tsayar da ni shi ne maganarki ta ƙarshe, wadda kika faɗa kamar a fakaice: ba ki gane takardar ba, kuma uban yaro ba ya nan. A wannan hali, 'yar'uwa, kada ki sa hannu ranar Litinin.

Da jikinki ne, da na ce ki fahimta sannan ki zaɓa. Amma jikin yaro ne da bai isa ya ce e ko a'a ba. Reno haƙƙinki ne, walicci kuwa na mahaifinsa ne, kuma shi kansa waliyyi ba ya da ikon ba da izini sai a kan abin da yake maslaha ga yaron. Ba gaggawa ake ciki ba, irin wadda in an jira uba rai zai salwanta. Waya tana kaiwa kasuwar shanu, ki kira shi. Sannan yarda da abin da mutum bai sani ba, a shari'a ba yarda ba ce. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta shardanta cewa yardar mai shiga bincike ta kuɓuta daga tilas da kwaɗaitarwa da kuɗi, ta kuma tsananta ƙwarai a kan yara. Abin da na rinjayar shi ne a sa yaro idan ciwon nasa ne ake nema wa magani, ana kyautata zaton zai amfana, haɗarin kuma bai rinjayi amfanin ba. Lafiyayyen yaro a kai shi don kuɗi, wannan haramun ne.

Maganar caca kuwa, ina girmama malamin, amma bai dace da daidai ba. Caca ita ce kowa ya zuba nasa, sa'a ta ɗauke na wani ta ba wani. Wane ne a nan zai tafi da haƙƙin wani? Ƙuri'a hanya ce da shari'a da kanta take bi idan haƙƙoƙi suka yi kunnen doki. Annabi (SAW) yana yin ta tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Ya yi ta tsakanin bayi shida da wani ya 'yanta dab da mutuwarsa ba shi da wata dukiya, aka 'yanta biyu. Da alƙaluma aka yi ta a kan renon Nana Maryam, kamar yadda ya zo a Suratu Ali Imrana. In ya ce ta yi kama da kiban jahiliyya, su waɗancan gaibu ake nema da su, nan kuwa ba wanda ke tambayar kwamfuta abin da gobe za ta haifar. In ya ce lafiyar yaro ce aka zuba, sai mu ce ai ba a san sabon maganin ya fi ba, shi ya sa ake binciken. Wanda ya faɗa ɓangaren ƙwayar banza wataƙila shi ne ya tsira daga illar da ba a gano ba tukuna. Da likita aka bar wa zaɓi, zuciya za ta karkata ga yaro mai ƙarfi ko ɗan wanda ya sani, sakamako ya fito na ƙarya, a yi shekaru ana ɗura wa dubban yara abin da ba ya aiki. Ƙwayar banzar ma ba ha'inci ba ce tunda an faɗa miki tun farko. Inda za ta zama haramun shi ne a ce a dakatar da magungunan da yake sha yanzu a bar shi da ita kaɗai. Wannan ki tambaya baki da baki.

Ita kuwa Hajiya surukarki, kada ki raina tsoronta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a binciken da ya haɗa yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta laifi, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma lura, abin da iyayen suka koka da shi shi ne ainihin abin da kike shirin yi da hannunki.

Ki koma ki ce a karanta miki takardar da Hausa, gaban wani naku da ya iya Turanci, ba ma'aikacinsu kaɗai ba. Ki nemi sanin ko hukumar kula da magunguna ta NAFDAC da kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin sun amince, wace illa aka riga aka gani, wa zai biya in yaro ya cutu, wace lamba za ki kira in ciwo ya tashi ƙarfe biyun dare. Ki tabbatar kuna iya janyewa duk ranar da kuka so ba tare da an canza muku fuska a layin ganin likita ba. In suka ce Litinin ko a rasa gurbi, to a rasa.

Kuɗin mota halal ne, wanda ya san cunkoson Legas ya san ba alfarma aka yi miki ba. Sai dai ki tambayi zuciyarki: da babu kuɗin da awon kyauta, za ki yarda? Talauci ma wani irin tilas ne. Idan kun shiga, amana ta hau kanku, kada ki ɓoye musu jiƙo ko sassaƙen da kaka take ba shi, kuma kada ki ce ya sha alhali ya tofar. Yaron ma a yi masa bayani daidai hankalinsa. Ranar da za ki koma, ki tafi da Hajiya ta yi tambayoyinta da bakinta.

Wallahu a'alam.