Kwalin "azumin kwana 5" ko na'urar gwajin suga, wanne zan saya wa Mama?

Wata 'yar'uwa daga Garwa ta ƙasar Kamaru ta rubuto, Mamanta na da ciwon suga nau'i na 2, tana shan metformin da glibenclamide, sai ta ga ana tallan wani kwali a WhatsApp, miyar gari da shayi da ake sha kwana 5 a wata wai suga ya tafi. Ta saya ne, ko azumin Litinin da Alhamis ya isa?

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki. Gaskiya kar ki sayi kwalin nan, kuɗin ki kai farmasi ki sayi na'urar gwajin suga da tsinkayenta, ki kuma tambayi farashin tsinken tun kafin ki zaɓi na'ura don shi ne zai riƙa cin kuɗi.

Ba wai rage ci ba ya aiki ba. A Birtaniya binciken DiRECT na 2017 ya nuna kusan rabin waɗanda suka bi tsarin rage abinci sosai sugansu ya sauka ba magani bayan shekara 1, amma fa ƙiba ce suka sauke, ciwon bai wuce shekara 6 a jikinsu ba, kuma ma'aikatan lafiya na bin su, ba kwali aka aiko musu aka ce Allah ya kiyaye ba.

Abin da ya fi damuna glibenclamide ɗin nan, shi ko an ci ko ba a ci ba sai ya sauke suga, to dattijuwa ta wuni ba ci ba ruwa a zafin Garwa na watan Afrilu, sai rawar jiki da zufa da jiri, wani har suma. Don Allah ki raka ta wajen likitanta ya gyara awo da lokacin shan magani kafin ta fara ko da na Litinin da Alhamis ne. In ta gwada ta ga na'urar ta nuna suga ƙasa da 0,70 g/L ta karya azumin nan take da sukari a ruwa, haka ma in ya haura 3 g/L ta ajiye azumin ta nemi asibiti. Gwajin yatsa ba ya karya azumi.

Sai buɗa-baki, nan ake ɓata komai: kunu mai sukari, makala (wato fanke), zoɓo mai zaƙi, shayi kofi uku. A rage tuwon, a ƙara miyar ganye da wake da kifin Binuwai. Bayan wata 3 ku yi gwajin HbA1c, gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3 da suka wuce, ku kai wa likita sakamakon.