Tambaya da Amsa: Mun Buɗe Aikinmu Ga Kowa, Amma Ba Lasisi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu bakwai ne muke rubuta gwaje-gwajen da ke duba ko manhaja tana nuna haruffan ƙ, ɗ da ɓ daidai. Aikin yana GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod (rubutun umarnin manhaja), kowa na gani, sai dai ba mu sa masa lasisi ba. Biyu a cikinmu ba sa rubuta kod, kurakurai suke zaƙulowa. Wani kuma ya ɗauko fayil daga aiki mai lasisin Apache 2.0. Ina mafita? Daga mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ku fara da lasisin, wato rubutun da ke ba wasu izinin amfani da aikinku, yau ba gobe ba. Ganin abu a fili bai halatta ɗaukarsa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta sa manhajar kwamfuta cikin rubutattun ayyuka, don haka idan ba lasisi, kowannenku na riƙe da haƙƙin abin da ya rubuta, kuma kamfani mai hankali ba zai taɓa gwaje-gwajenku ba. Sa lasisi ko sauya shi na buƙatar yardar duk wanda ya rubuta wani abu a ciki. Ku bakwai, zama ɗaya ya isa. Idan kun kai arba'in, wasu sun ɓace, magana ta zama babba. Kowa ya ba da yardarsa a rubuce.

Wane lasisi? A cikin kayan gwajin manhaja, pytest na amfani da lasisin MIT, Selenium kuma Apache 2.0. MIT gajere ne, sharaɗinsa a bar sanarwar haƙƙin mallaka da rubutun lasisin a kowane kwafi. Amma tunda kun riga kun ɗauko fayil na Apache, ni shi zan zaɓa muku. Wannan fayil ɗin, kada ku goge sunayen da ke samansa. Idan kun gyara shi, ku rubuta cewa kun gyara. Idan aikin asali na da fayil mai suna NOTICE, ku kwaso abin da ya shafe ku. Ku lura, kod mai Apache 2.0 na haɗuwa da kod mai wani lasisi da ake kira GPL na 3, ba ya haɗuwa da GPL na 2 zalla. Cikakken rubutun lasisin ya zauna a fayil LICENSE.

Sai 'yan'uwanku biyu, kuma nan ne aka fi cin haƙƙin mutane. Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen aikinku, na rubuta sunan wanda ya rubuta canji da wanda ya ajiye shi ne kawai. Wanda ya kwana yana gano cewa ƙ na rikiɗewa zuwa alamar tambaya, ba ya fitowa ko'ina. A ƙarshen bayanin canjin, ku bar layi ɗaya babu komai, sannan ku rubuta Reported-by: da sunansa, kamar yadda masu rubuta manhajar Linux ke yi. Idan tare aka rubuta, Co-authored-by: da suna da imel, kuma imel ɗin ya zama wanda ke haɗe da asusunsa, in ba haka ba GitHub ba zai danganta aikin da shi ba. Wajen dunƙule canje-canje da yawa su zama ɗaya, suna ɗaya ke fita a matsayin marubuci, sai a duba layukan nan ba su zube ba.

Ku buɗe fayil AUTHORS. Umarnin git shortlog -sne zai jero masu kod, sauran ku ƙara su da hannu, tare da abin da kowa ya yi. Ku tambayi mutum kafin ku sa imel ɗinsa, domin goge shi daga tarihin Git aiki ne ja.