Tambaya da Amsa: Ina Za Mu Samo Kuɗin Darasin Lissafi na Sa-kai?

Tambaya: Ƙungiyarmu ta mata a Unguwar Rogo, Jos, ta samu ɗalibai biyar da za su riƙa koya wa yaranmu lissafi kyauta da yamma. Yaya za mu yi da kuɗin gudanarwa?

Amsa: Hajiya, ku fara ware kuɗin motar malaman. Nan irin wannan shiri ke mutuwa: ɗan sa-kai zai haƙura da albashi, amma ba zai daɗe yana biyan Keke Napep daga aljihunsa ba. Sai alli da littattafan rubutu.

Aji kuwa, ku roƙi hedimasta ko shugaban Islamiyya. Kayan ƙirge ma ba sai an saya ba. Marafan kwalba da tsinken tsintsiya ɗaure goma-goma sun isa koyar da tarawa da ɗebewa. Kada malami ɗaya ya wuce yara 10.

Karo-karon wata-wata daga iyaye da 'yan kasuwa ya fi kyautar babban mutum sau ɗaya, musamman ta lokacin zaɓe. Ku buɗe asusun banki mai sa hannun mutum biyu. Gidauniyoyi sukan nemi rajistar CAC (hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista) da shaidar cigaban yara, don haka ku gwada kowane yaro ranar farko, ku sake bayan wata 3.