Amsa kan lissafin jifa a Fiziks

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce an wurga dutse a miƙe gaba, ba sama ba ƙasa, daga saman tankin ruwa mai tsayin mita 20, da gudun mita 15 a sakan, ka sa fomular nisan jifa, R = u² sin2θ/g (R nisa, u gudun farko, θ kusurwar jifa, g jan ƙasa), amsa ta fito maka sifili tunda kusurwar sifili ce. Fomular ba ta yi ƙarya ba, ba wurinta ka kai ta ba. Tana aiki ne kawai idan abin da aka jefa ya sauka daidai da matakin da ya tashi.

Na daɗe ina koyar da 'yan SS2 a wani ƙauye a gefen Ringim, kuma duk shekara nan yara ke tuntuɓe, hadda ta yi musu yawa. Ni sai in sa su ja layi su raba shafi biyu: hagu tafiyar gaba, dama tafiyar sama da ƙasa. A hagu gudu ba ya canzawa, tunda an ce a manta da iska. A dama jan ƙasa ke aiki, 9.8 m/s², amma duba takardarka, WAEC kan ce a ɗauki 10. Lokaci ne kaɗai ya haɗa ɓangarorin biyu.

To naka, a dama gudun farko sifili ne, don haka tsayi = ½ × g × t², wato 20 = ½ × 10 × t², lokaci (t) sakan 2. Kai wannan 2 ɗin hagu ka ninka da 15. Dutsen zai faɗi mita 30 daga gindin tankin.

Abin da yara ba sa yarda da shi shi ne gudun gaba ba ya jinkirta faɗuwa. Sai in ɗora tsakuwa biyu a bakin teburi, in ɗalle ɗaya da yatsa, in saki ɗaya a lokaci guda. Ƙara ɗaya ake ji a kan siminti, nan gardama ke mutuwa. Masanin kimiyya Galileo ya rubuta wannan tun 1638.

In akwai kusurwa, ka fara da raba gudun. Misali, jifa daga ƙasa zuwa ƙasa, mita 20 a sakan a digiri 30: sama 20 sin30 = 10, gaba 20 cos30 = 17.3. Sakan ɗaya hawa, ɗaya sauka, ƙololuwa mita 5, nisa 34.6. Gwada digiri 60, nisan ɗaya ne.

Kafin ka taɓa komai, danna sin30 a kalkuletarka. In ba ta ba ka 0.5 ba, tana kan wani ma'aunin kusurwa, R (radian) ko G (grad), mayar da ita D (digiri).