Gardamar baftismar jarirai ta raba mu

Ɗan'uwa, ka ce batun baftismar jarirai ya raba ƙungiyar matasanku biyu, kowa da ayarsa a hannu.

Dubi Ayyukan Manzanni 15 ka ga yadda masu bi na farko suka warware gardama. Da gardamar kaciya ta tashi, manzanni da dattawa suka zauna a Urushalima, aka saurari Bitrus da Bulus, Yakubu ya kawo maganar annabi Amos, sannan aka aika wasiƙa Antakiya.

Kuskuren da na fi gani shi ne tsinko aya ɗaya a jefi mutum da ita. Labarin Lidiya, matar da aka yi mata baftisma tare da mutanen gidanta, wanda ake yawan kawowa hujja, Ayyukan Manzanni sura 16 ba ta ce akwai jarirai ba, ba ta kuma ce babu ba.

Katolika da Angilikan suna yi wa jarirai baftisma, Baptist ba sa yi. Ku zauna da fastonku ya bayyana muku matsayin ɗarikarku.