Tambayoyin Masu Karatu: Mene ne ma'anar "in fits and starts"?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ngaundere, kuma da Faransanci na yi karatuna tun daga firamare. Na ci karo da "in fits and starts" a wani rubutun Turanci da ke bayani a kan aikin shimfiɗa hanya, na duba kalmomin ɗaya bayan ɗaya, amma ma'anar ta ƙi fitowa. Ina neman ƙarin haske. Daga wani mai karatu a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya rikita ka shi ne kalmomin biyu suna ɗauke da tsohuwar ma'anarsu ce a nan, domin maganar ta daɗe a bakin mutanen Ingila, tun wajen ƙarni na 17. "Fit" a nan abu ne da ke taso wa mutum farat ɗaya sannan ya lafa, kamar tari ko farfaɗiya, shi kuwa "start" zabura ce irin ta wanda aka firgita. Idan aka haɗa su, ana nufin tafiya ko aikin da ake yi ana tsayawa, a zabura a ɗan taɓa, a yi shiru, sannan a sake zabura ba tare da wani tsari ba. Tun da kana jin Faransanci, "par à-coups" ya yi kusa da shi ƙwarai.

Ka ɗauki babbar motar da ta yi lodin auduga daga Garwa, tana hawan dutsen da ke gab da Ngaundere alhali injinta ba shi da lafiya: ta fizga, ta tsaya, yaron mota ya sa weji, ta sake fizga. Wannan ita ce tafiyar da ake nufi. Ana kuma faɗin haka ga damina idan ruwa ya sauka kwana biyu ya ɗauke mako uku, da ginin da ake ci gaba da shi sai ran da kuɗi suka samu.

Na sha jin ana fassara shi da "tafiyar hawainiya", kuma a ganina kuskure ne, domin hawainiya a hankali take tafiya, ba ta zabura. Haka nan "kwan-gaba-kwan-baya" ya ƙunshi komawa baya, wanda babu shi a cikin maganar Turancin.

Wajen amfani, "in" da "by" duk daidai ne a farkonsa, sai dai "in" ya fi yawa a rubutun yau. Su kuwa "fits" da "starts" kullum a jam'i suke zuwa, ba a juya jerinsu, kuma bayan aikatau ake sa su, kamar a ce "The work progressed in fits and starts." Yawanci akwai ɗan ƙorafi a cikinsa, saboda haka kada ka rubuta shi a takardar neman aiki kana bayanin yadda ka yi karatunka.