Dalilin da ya sa Sidi ta bar malamin makaranta ta auri Baroka

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa a wasan kwaikwayon Wole Soyinka mai suna The Lion and the Jewel, Sidi ta bar Lakunle, malamin makaranta saurayi, ta auri Baroka, dagaci mai shekara 62, da kuma ko marubucin yana nufin al'ada ta fi zamani. Na koyar da wannan littafi a ajin ƙarshe na sakandare a shekarun da WAEC ta sa shi a manhaja, daga 2021 zuwa 2025, kuma sau biyu muna shirya shi a dandali tare da ɗalibai, saboda haka abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Amsar da ɗalibai suka fi haddacewa ita ce al'ada ta kayar da zamani, kuma ni ban taɓa gamsuwa da ita ba. An fara nuna wasan a Ibadan a 1959, aka buga shi a 1963, kuma duk abin da ke cikinsa ya faru ne a yini ɗaya a ƙauyen Yarabawa mai suna Ilujinle, da safe da rana da dare. A cikin wannan yini mutum uku ne ke ji da kansu, amma ɗaya ne kawai daga cikinsu ya san yadda ake sarrafa ji da kan wani, shi ne Baroka.

Ki dubi Lakunle tukuna. Shekararsa kusan 23, yana sanye da kwat da ta yi masa kaɗan, kuma neman aurensa gaba ɗaya lacca ce. Yana gaya wa Sidi cewa ƙwaƙwalwar mace ba ta kai ta namiji ba, ya yi mata alkawarin cin abinci da cokali mai yatsu kamar mutanen Legas, sannan ya ƙi biyan kuɗin aure, yana jero manyan kalmomin Turanci na zagin al'adar har ƙaramin ƙamus ɗinsa ya ƙare. Ita kuwa ta gaya masa sarai cewa a shirye take ta aure shi ko yaushe in ya biya, domin in ta tafi haka nan ƙauye zai ce ba budurwa ba ce. Maganar mutuncinta take yi, shi kuma muryarsa kawai yake saurare. Ɗalibaina mata ba su taɓa buƙatar in yi musu bayanin wannan wuri ba.

Ita ma Sidi kanta ya kumbura tun da wani baƙo mai ɗaukar hoto ya dawo da mujallar da aka buga a Legas, hotonta a bango da kuma tsakiya, alhali dagacin an matse shi a wani lungu na shafi kusa da hoton masai na ƙauye. Shi ya sa da Sadiku, uwargidan Baroka, ta zo mata da saƙon neman aure daga mijin nata ta yi watsi da shi, tana cewa sunan da ta yi yake so ya raɓa. A nan ta yi gaskiya, sai dai gano nufin mutum daban, tsira daga tarkonsa daban.

Baroka ya san mutanensa kamar yunwar cikinsa. Shi ne wanda a baya ya ba Baturen safiyo kuɗi da goro da dabbobi har aka karkatar da layin dogo daga ƙauyen, don kada wani iko ya shigo ya raba shi da nasa. Da Sidi ta ƙi shi, bai aika dogari ba. Ya gaya wa Sadiku a asirce cewa ƙarfinsa na namiji ya ƙare, don ya san bakinta ba ya riƙe magana. Tsohuwar ta fita tana rawar murnar cewa mata sun kayar da zaki, wato Baroka, Sidi kuma ta ɗauki ƙafa da kanta ta tafi fada don ta yi masa ba'a. A can ta same shi yana kokawa da ɗan kokawarsa, ya kayar da shi a gabanta, sannan ya nuna mata wata na'ura da ya ce za ta buga kan sarki mai ɗauke da fuskarta, wanda zai zaga ƙasa a jikin wasiƙu. Ki lura da wannan sosai: abin zamani ya yi amfani da shi wajen kama ta. Wanda ya kori jirgin ƙasa shi ne mai injin kan sarki, domin yana ɗaukar abin da zai ƙara masa iko daga zamani ya bar saura. Ta yaya za a ce wannan mutum wakilin al'ada ne zalla?

A dandali na fahimci wannan da kyau. A shirinmu na farko yaron da ya fito a Baroka ya riƙa daka tsawa yana buga ƙafa, wai shi sarki, kuma wurin na'urar ya mutu murus, har 'yan kallo suka shiga hira. A na biyu na ce wa wani yaron ya zauna, ya sassauta murya kamar kaka mai ba jika tatsuniya, ya riƙa yabon hikimar Sidi yana barin ta ƙarasa masa zance. Yarinyar da ta fito a Sidi ta shigo tana ɗaga hanci, sai ga kafaɗunta suna sauka a hankali, idonta a kan akwatin kwalin da muka yi na'urar da shi. Zauren ya yi tsit, har wata malama a layin gaba ta ce da ƙarfi, "Ke yarinya, tashi ki gudu!"

Wannan ihun yana da dalili, kuma ba na ɓoye wa ɗalibai shi. Soyinka bai nuna abin da ya faru a ɗakin ba, amma Sidi ta dawo tana kuka, ta zube ƙasa, kuma da ƙarya aka jawo ta. Wata ɗaliba ta taɓa tambayata ko wannan zaɓi ne ko tarko, na ce ta rubuta duka biyun ta kawo hujja daga littafin. Abin da ya ƙarasa kashe Lakunle shi ne amsarsa: ya ce zai aure ta duk da haka, amma nan take ya ƙara da cewa yanzu maganar kuɗin aure ta faɗi. Da ya ji an fara shirin biki a ranar kuma, sai ya kama neman a ba shi lokaci. Sidi ta fito da ƙunshin kayanta, ta miƙa masa mujallar, ta durƙusa Sadiku ta sa mata albarka, ta nufi gidan Baroka. Kafin makaɗa su yi nisa, Lakunle ya riga ya shiga rawa yana bin wata budurwar a baya.